Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabanni Da Ma'aikatan Cibiyoyin Wankin Ƙoda: Ciwon Hanta Nau'in C Da Majinyatan Da Suka Daɗe A Hannunku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku likitoci, ma'aikatan jinya, masu kula da injuna, masu tsaftace ɗakuna, da shugabannin da ke sa hannu a takardun sayen kaya da ɗaukar ma'aikata, sannunku da aiki. Allah Ya saka muku da alheri.

Shekara bakwai ke nan ina kai yayana wankin ƙoda, sau uku a mako. Na san abin da zai same shi in ya yi mako biyu bai hau kujerar nan ba, kuma ban manta daren da ruwa ya cika masa ƙirji har numfashi ya gagara, wata ma'aikaciyar jinya da lokacin tashinta ya riga ya wuce ta ajiye jakarta ta koma ta haɗa shi da inji. Wanda ya ga irin wannan ba zai ɗaga alƙalami don ya ci mutuncinku ba. Sai dai akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ranar da Yaya ya fara wanki an ɗebi jininsa an yi gwaje-gwajen shiga. Babu ciwon hanta nau'in B, babu nau'in C. Takardar tana hannuna har yau. A shekararsa ta biyar, da muka soma shirin dashen ƙoda, likitan da zai duba cancantarsa ya sake sa gwajin, sai ga nau'in C a jininsa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tun da ya fara wanki ba a taɓa ƙara masa jini ba, allurar da ke sa ɓargo ya yi jini ake yi masa. Ba a yi masa tiyata a wani wuri ba. Da na koma na bi fayil ɗinsa shafi bayan shafi, na tarar rabon da a yi masa wannan gwajin shekara uku cif. Da na tambaya, amsar da aka ba ni cikin taushin murya ita ce: "Ai masu wankin ƙoda sukan samu."

Ba zan ambaci sunan wurin ba, don abin da ya faru a can yana faruwa a wurare da yawa a duniya. Amma wannan amsar ita ce dalilin wasiƙar nan. Gaskiya ce, sukan samu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake faɗarta kamar ana maganar ruwan sama, abin da ba hannun kowa a ciki. Ƙwayar wannan cuta ba ta tsira a jikin mutum da kanta, ba ta kuma yawo a iska. Daga jinin wani take fitowa ta shiga jinin wani. In majinyaci ya shigo muku babu ita, ba ya zuwa ko'ina da jijiyarsa sai wurinku, sannan aka wayi gari yana da ita, to ruwa ba ya tsami banza.

Ku yi lissafin tare da ni. Wanki uku a mako ya zama 156 a shekara. Wanda aka yi wa haɗin jijiya a hannu, allura biyu ake soka masa kowane zuwa, wato 312 a shekara. A cikin awa huɗu, in inji na jan jini mililita 300 a minti ɗaya, lita 72 ke nan ta bi ta cikin bututu ta dawo, alhali jinin babban mutum gaba ɗaya bai wuce lita biyar ba. Wanda ya shekara goma yana wanki ya buɗe jijiyarsa a ɗakinku sau 1,560, a gefen wasu mutanen da su ma jininsu na waje, ƙarƙashin kulawar hannayen da ke kai-komo tsakaninsu. Ko da kuskure sau ɗaya ne cikin dubu, wanda ya daɗe ya isa ya ci karo da shi. Shi ya sa binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban yake komawa kan abu guda: yawan shekarun da mutum ya yi a kan inji na cikin manyan abubuwan da ke ƙara masa haɗarin kamuwa. Ma'ana waɗanda suka fi jurewa, suka fi kiyaye ranakunsu, suka fi daɗewa tare da ku, su ne suka fi fuskantar wannan cuta. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in C a duniya, abin da bai kai ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, kuma a 2022 ya kashe mutum kusan 242,000. Amma a babban binciken nan na DOPPS, mai bin diddigin masu wankin ƙoda a ƙasashe da yawa, an samu kusan ɗaya cikin goma na majinyatan suna da ita tsakanin 2012 da 2015. An kuma daɗe da lura cewa masu wanki a gida, da masu yin wankin ta fatar cikin ciki ba ta jijiya ba, ba su kai masu zuwa cibiya kamuwa ba. Ciwon ƙodar iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne ɗakin da ake tarayya a cikinsa.

Na san akwai uzurin da ya taɓa zama gaskiya. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar cutar, aikin da ya sa shi da Harvey Alter da Charles Rice suka sami kyautar Nobel a 2020. Kafin nan ana kiranta ciwon hantar da ba A ba ne ba kuma B ba, babu gwajin da zai nuna ta a jinin da za a ƙara wa mutum, ga masu ciwon ƙoda kuma kullum jininsu ƙasa yake, kullum ana ƙara musu. A wancan zamanin mutane da yawa ta nan suka ɗauka, ba laifin kowa. Amma tun farkon shekarun 1990 aka fara tantance jini, a daidai lokacin kuma allurar erythropoietin, wadda ke sa ɓargo ya yi jini, ta shigo ta rage buƙatar ƙarin jini sosai. An toshe babbar ƙofa, duk da haka sababbin kamuwa ba su tsaya ba. Da masana suka riƙa kwatanta zanen halittar ƙwayar cutar da ke jinin majinyata, sai suka riƙa samun iri ɗaya sak a jikin mutanen da ke wanki a lokaci guda, ko a kujeru maƙwabta, ko wanda ya hau kujera bayan wani ya sauka. A Janairun 2016 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fitar da gargaɗi bayan an kai mata rahoton sababbin kamuwa 36 a cibiyoyi 19 cikin jihohi takwas tsakanin 2014 da 2015, kuma a inda aka bincika an riƙa samun sakaci wajen yin allura, da goge wurin zama, da tsaftar hannu. Na kawo misalin Amurka ne don kada wani ya ce matsalar ta masu ƙarancin kayan aiki ce kaɗai. A can an gani ne don ana gwaji ana kuma kai rahoto.

Yanzu bari in faɗi abin da idona ya gani, don mai rakiya ba shi da aiki sai kallo. Awa huɗu a zaune, sau uku a mako, shekara bakwai.

Na ga ƙararrawar inji ta yi kuka, ma'aikaci yana tsakiyar cire wa wani allura, ya miƙa hannu da safar da ke hannunsa ya danna maɓalli a injin maƙwabci, ya dawo ya ci gaba. Daƙiƙa biyu ce. Babu jinin da ido zai gani a safar. Amma wannan ƙwayar cuta ba ta buƙatar ɗigon da ake gani, kuma an nuna a ɗakin bincike cewa tana iya zama da ranta a busasshen jini a kan abu har makonni shida a yanayin ɗaki. Wanda zai zo ya danna maɓallin nan bayansa zai tafi da ita kan yatsa zuwa bakin bututun wani. Safar hannu ma'aikaci take karewa. Ba ta kare majinyaci sai an cire ta, an wanke hannu, an sa sabuwa, duk lokacin da aka tashi daga kujera zuwa kujera.

Na ga kwalbar maganin hana daskarewar jini, hefarin, ɗaya tak, ana zagayawa da ita ana zuƙa wa mutum huɗu ko biyar. A duk abubuwan da na gani wannan ya fi tayar mini da hankali bayan na fahimci ma'anarsa. In sirinji ya taɓa layin jinin wani aka mayar da shi cikin kwalbar, ko da an canja allurar bakinsa, kwalbar ta gurɓata, kuma duk wanda aka zuƙa wa bayan nan kai tsaye cikin jijiyarsa za a tura masa. Haka ledar ruwan gishiri da ake ɗiba daga cikinta don wanke layin mutane da yawa. Ƙa'idar a bayyane take: a haɗa magani a wani wuri mai tsafta nesa da kujeru, a kai wa kowa nasa, abin da ya shiga wurin majinyaci kada ya koma wurin haɗa magani, kuma kwalbar da aka yi don amfani sau ɗaya a huda ta sau ɗaya.

Na ga teburi mai taya ana tura shi daga gado zuwa gado, a samansa auduga da filasta da sirinji sababbi, a gefensu almakashin da aka yanke wa wani bandeji. Na ga naɗin filasta guda yana yawo a aljihun riga daga safe har yamma. Na ga igiyar ɗaure hannu, da matsewar da ake danne wurin allura da ita, da abin awon hawan jini, da na'urar gwada sukari, suna tashi daga hannun wannan zuwa hannun wancan ba a goge ba. Kowanne cikinsu ƙaramin abu ne, shi ya sa ba a ganinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuma ba sai ta yi faɗi ba.

Lokacin da ya fi kowane haɗari, a iya ganina, shi ne canjin layi, sa'ad da 'yan safe ke sauka 'yan rana na jira a ƙofa. Wani yana kan kujera yana danne hannunsa da auduga jini bai tsaya ba, an riga an fara rataya sababbin bututun wanda zai biyo shi a jikin injin. Ana goge inji da tsumma ɗaya da aka goge na baya da shi, ana wuce hannun kujera da bayan allon inji, ba a bar maganin gogewa ya daɗe a jiƙe yadda aka rubuta a jikin robarsa ba. Ƙa'ida ta ce sai majinyaci ya bar wurin gaba ɗaya, an kwashe duk abin da aka yi amfani da shi, sannan a goge, sannan a bar shi ya bushe, sannan a kawo sabon kaya. Akwai kuma 'yar matatar nan da ke tsakanin layin jini da ma'aunin matsi na inji: in jini ya jiƙa ta, ba canja ta kaɗai ake yi ba, sai mai gyaran inji ya duba ko jini ya wuce ciki kafin a haɗa wani.

Jama'a da yawa suna zaton cikin injin ne ke ɗauke da cutar, wato jinin wani na gauraya da na wani a ciki. In komai na tafiya daidai, jini ba ya taɓa cikin inji, a bututu da matata yake tafiya, kuma ƙwayar cutar ba ta ratsa lafiyayyar matata cikin sauƙi. Jikin injin ta waje ne matsala, da hannayen da ke taɓa shi.

A nan zan juyo gare ku, shugabanni, don rashin adalci ne a ɗora wa ma'aikatan jinya duk nauyin. Ma'aikaciyar da aka bar wa majinyata fiye da ƙarfinta, ƙararrawa uku na kuka lokaci guda, wani jininsa ya faɗi yana neman suma, ba za ta iya wanke hannu sau nawa ake so ba ko da ta fi kowa sanin ƙa'ida. Wanda aka ƙirga masa safar hannu da safe aka ce ta kai shi yamma, an riga an yanke masa hukuncin ya yi amfani da guda a kan mutum biyu. In kun tsara layi uku ko huɗu a rana ba ku bar tazarar gogewa a tsakani ba, ku kuka zaɓi a yi gaggawa. In famfon wanke hannu ɗaya ne a ƙarshen ɗaki, ku kuka nisanta shi. Bincike ya sha nuna alaƙa tsakanin ƙarancin ma'aikata ko ƙarancin horonsu da yaɗuwar wannan cuta a ɗakunan wanki. Abin da kuke ganin kun rage a safa da kwalba da minti goma sha biyar, majinyaci ne ke biya da hantarsa.

Na san abin da wasunku za su ce: mun ware inji na musamman ga masu nau'in C, mun ma ware musu lungu. Niyyar mai kyau ce, kuma na san daga inda ta samo asali. A 1969 da 1970 ciwon hanta nau'in B ya ɓarke a sashen ƙoda na birnin Edinbara da ke Scotland, ya kashe majinyata da ma'aikata, abin da ya kai ga rahoton Rosenheim na 1972 a Birtaniya da ƙa'idar ware masu ɗauke da ita. Ga nau'in B warewa daidai ce har gobe, don tana da yawa ƙwarai a jini kuma ta fi saurin kama mutum, ga shi kuma tana da allurar rigakafi da ya kamata kowane majinyaci da kowane ma'aikaci ya yi. Nau'in C ba ta da rigakafi. Kuma ƙungiyar KDIGO, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da masu ciwon ƙoda a duniya, a jagororinta na 2008 da 2018 da 2022 ba ta ba da shawarar ware inji ga masu nau'in C ba, ta dage ne kan tsananta tsafta a kan kowa. Ni ma da na zauna na yi tunani na ga hikimar. Injin da aka yi wa alama yana sa ma'aikaci ya yi taka-tsantsan a can ya saki jiki a nan, alhali wanda ya kamu wata biyu da suka wuce, ba a kai ga gano shi ba, yana zaune a cikin "masu lafiya". Yaya ya yi wata da watanni, mai yiwuwa shekaru, a irin wannan kujerar. Ina tuna mutanen da suka zauna kusa da shi a lokacin, wasunsu sun rasu, kuma tunanin ko ta hanyarsa wani ya ɗauka yana hana shi barci har yanzu.

Wannan ya kawo ni kan gwaji, wanda shi ne inda aka fi cutar da mu.

Ciwon nan shiru yake aikinsa. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa ganin alamar komai, idonsu ba ya yin rawaya, kuma in ma gajiya ce ko rashin son abinci ko ƙaiƙayi, wane mai wankin ƙoda ne ba ya fama da su? Wajen kashi 30 cikin ɗari jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida, sauran tana zama, tana cin hanta a hankali har ta ƙandare, wasu ta kai su ga kansar hanta. Ga wani abin da ku kun fi ni sani: sinadarin hanta da ake aunawa, ALT, a jikin masu wankin ƙoda ƙasa yake zama da na sauran mutane, don haka lambar da za a ce lafiya lau ce ga wani, ga majinyacinku tana iya zama ta ninka yadda ya saba. Wanda bai ajiye tarihin lambobin mutum wata-wata ba, ba zai lura ta motsa ba.

Abin da ƙa'ida ta tanada ba shi da wuyar fahimta. A gwada kowa ranar da ya shigo, da duk wanda ya dawo daga wanki a wata cibiya. A auna ALT kowane wata. A sake gwajin nau'in C kowane wata shida. A kuma san bambancin gwaje-gwajen biyu: na farko sawun cutar yake nema, wato martanin garkuwar jiki, wanda kan ɗauki wata biyu ko fiye kafin ya bayyana, kuma ya zauna har abada ko an warke, na biyu, wanda ake kira PCR, ƙwayar cutar kanta yake nema, yana iya ganinta cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya taɓa kamuwa ya warke, gwajin farko ba zai ƙara faɗa muku komai a kansa ba, sai na biyu. Wanda ALT ɗinsa ta tashi babu dalili, na biyu za a yi masa ba a jira wata shida ba.

In kuwa aka samu mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda da ba shi da ita yanzu yana da ita, to ranar ba ranar cewa "sukan samu" ba ce. Ranar ce ta gwada duk waɗanda ke ɗakin, ta duba wa ya zauna ina da wane lokaci, wa ya kula da shi, wa ya riga shi hawa kujerar, ta sanar da hukumar lafiya, ta sa wani ya tsaya ya kalli yadda ake aiki da idonsa ba da takarda ba. A namu lamarin babu ko ɗaya da aka yi. An rubuta sakamakon a fayil, an mayar da Yaya injin lungu, magana ta mutu. Na fahimci tsoron: suna zai ɓaci, wani zai kai ƙara. Amma ɓoyewar ba ta tsayar da ƙwayar cuta, kujera ta gaba kawai take ba ta.

Ku kuma gaya wa majinyaci, da bakinku, a keɓe. Yaya ya gane akwai matsala ne daga yadda aka canja masa wuri a gaban kowa, kafin wani ya zaunar da shi. Makonni ya yi yana gudun 'ya'yansa, ya ware kofinsa, ya daina ɗaukar jikarsa. Da wani ya ba shi minti biyar ya ce masa ba a ɗauka ta runguma ko gaisawa ko cin abinci tare, reza da burushin haƙori da abin yanke farce ne kawai zai keɓe, kuma a gwada matarsa don hankali ya kwanta, da an rage masa rabin wahalar.

Abin da ya sa shirun yau ya fi na da muni shi ne yanzu ana warkewa. Da can maganin allurar interferon ne na watanni da yawa, mai galabaitarwa, wanda masu ciwon ƙoda da yawa ba sa iya kammalawa, abokin tafiyarsa ribavirin kuma yana taruwa a jikin wanda ƙodarsa ba ta aiki ya farfasa masa jini. Likitoci da dama a lokacin sun ga gara a bar mutum haka, kuma ba zan zarge su ba. Amma a ƙarshen 2013 sofosbuvir ya fito, wasu suka biyo baya. Haɗin elbasvir da grazoprevir a 2016, haɗin glecaprevir da pibrentasvir a 2017, duka an gwada su a kan masu wankin ƙoda sun yi aiki. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba masu wanki magungunan da ke ɗauke da sofosbuvir ba tare da rage musu ba. Ƙwayoyi ne na haɗiya, mako 8 zuwa 12 ga yawancin mutane, kuma fiye da 95 cikin ɗari suna warkewa. Sharuɗɗan da ke biye da su sanannu ne: a gwada nau'in B kafin a fara don tana iya farfaɗowa, a duba sauran magungunan da mutum ke sha, musamman amiodarone na zuciya, a sake PCR mako 12 bayan an gama don tabbatarwa. Wanda ke jiran dashe kuma, likitan dashen ya sa baki a kan lokacin farawa.

Ku duba damar da ke hannunku wadda ba kowane likita ke da ita ba. Masu yaƙi da wannan cuta a cikin jama'a babbar wahalarsu nemo masu ita ce, da kuma riƙe su har su gama magani. Masar sai da ta gwada mutum kusan miliyan 50 cikin wata bakwai daga Oktoban 2018, kafin a Oktoban 2023 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Ku kuwa naku mutanen kun san sunayensu, kuna ganinsu sau uku a mako, jininsu yana hannunku ba sai kun sake soka musu allura ba. Cibiya mai majinyata sittin ko ɗari tana iya gwada kowa cikin mako guda, ta yi wa duk mai ita magani cikin wata uku. In babu mai ƙwayar cutar a ɗakin, babu abin da safa ko kwalba za ta ɗauka ta kai wa wani. An sa 2030 a matsayin shekarar da ake son ciwon hanta ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a, kuma ban ga inda ya fi ɗakin wankin ƙoda sauƙin cika wannan alkawari ba. Sai dai warkewa ba ta hana sake kamuwa, kuma kullum sababbin majinyata na shigowa, don haka magani ba ya ɗauke wa kowa wanke hannu.

Yaya ya sha maganinsa mako goma sha biyu. Gwajin da aka yi bayan nan bai ga komai a jininsa ba, alhamdu lillahi. Hoton hantarsa ya nuna tabon da shekarun shirun suka bari, za a ci gaba da duba shi. Dashen da muka shirya ya ja baya, wanda ya yi niyyar ba shi ƙoda kuma kafin a gama rashin lafiya ta same shi, likita ya ce ba zai iya ba. Yaya yana nan a kan inji, yana shiga shekara ta takwas.

Ranar Litinin zan sake kawo shi. Zan tambayi wadda za ta haɗa shi, cikin ladabi, ko ta canja safa, kuma ina roƙon kada ta ji haushi, kada kuma a ɗauke shi majinyaci mai fitina saboda ƙaninsa ya yi tambaya. Zan tambayi inda aka zuƙo hefarin ɗinsa. Ku kuma, shugabanni, ina roƙonku kafin wannan makon ya ƙare ku ɗauko fayil ɗin mutum goma da suka fi kowa daɗewa a cibiyarku, ku duba ranar da aka yi wa kowannensu gwajin nau'in C na ƙarshe. Duk wanda nasa ya wuce wata shida, ku ɗebi jininsa a wankinsa na gaba, ku kira shi gefe ku gaya masa sakamakon.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙarfafe ku a kan aikinku.

Wassalam,
Ƙanin wani majinyaci da ke wankin ƙoda.